Tumbin Da Kuka Ce In Rage, Ciwon Na Rage Min Shi

Zuwa ga Shugaban Sashen Tiyata na asibitin da ke riƙe da katina,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ya aiki, ya fama da jama'a? Sunana Sabi'u, tela ne ni a Gyaɗi-Gyaɗi. Shekara talatin ina zaune a kan keken ɗinki, har na ajiye tumbin da abokai ke tsokanata da shi, wai Alhajin da bai je Makka ba. Ban taɓa ganin aibinsa ba sai da aka gano min ciwon daji a babban hanji. Sau uku na nemi ganinka ban samu ba, shi ya sa na rubuto a fili.

Na ɗaya: likitan da ya fara dubana ya ce mai jiki irina aikin huji ya fi dacewa da shi, wato a ɓula ƙananan ƙofofi a ciki, a zura kyamara, a yanke wurin da ya lalace. Dalilinsa, doguwar tsaga a kan kitse ba ta saurin warkewa, takan yi ruwa, ɗinkin ya buɗe. Na gane wannan sarai. Ni ma na san yadin da ba ya riƙe zare.

Na biyu: da na dawo ranar da aka ba ni, wani likitan na tarar. Shi kuma ya ce kitsen zai tare wa kyamara gani, aikin ya daɗe, wataƙila a ƙarshe dole a farke cikin. Ya rubuta a fayil cewa in je in rage ƙiba tukuna. Tun daga nan, duk zuwa da likitan da nake gani. Kowa ya karanta rubutun wanda ya riga shi dubana, ya girgiza kai, ya ɗora ni a sikeli, ya ba ni wata ranar. Ban ce ɗayansu ya yi ƙarya ba. Amma ofisoshinsu na jere, ni ne kawai nake kai saƙo tsakaninsu.

Na uku, kuma shi ya fi ci min rai: na bi umarni. Na bar tuwo, na bar shayi mai sukari. 'Yan dubiya su kawo farfesu, maiɗakina ta raba wa maƙwabta. Da ƙafa nake zuwa unguwar Darmanawa in dawo. Da na fara faɗawa na yi murna, sai aka ce jinina ya yi ƙasa, in koma in ci abinci sosai. Gaba kura, baya sayaki. Wallahi tsoro nake ji, ba na ɓoyewa.

Roƙona kaɗan ne. Ka zaunar da likitocin nan biyu na farko a ɗaki ɗaya, da fayil ɗina a gabansu. Su zaɓi hanya ɗaya, su yi min bayaninta da Hausa, a sa min rana. Huji ne ko tsaga, zan sa hannu.

Da hannuna na rage wa wandunana ƙugu sau biyu. Na farko ni na jawo shi da yunwa da tafiya. Na biyun ina cin abinci ya zo. Idan ramata kuke jira, ranka ya daɗe, ciwon yana yi muku aikin, kuma shi ba ya ɗaga rana.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a hannunka, ya raba ka da jira irin nawa.

Wassalam.

Sabi'u Tela,
Gyaɗi-Gyaɗi, Tarauni, Kano.