Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Zuwa ga Shugaban kamfanin wayar da muke riƙe da layinsa, reshen Kano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina yi mana jajen halin da gari yake ciki. Ranka ya daɗe, sunana Hadiza, malamar firamare ce ni a Mandawari. Ban saba rubuta wa manya ba, amma na yi sintiri a ofishinku na wajen Ƙofar Na'isa har masu gadi sun san mayafina, kuma kowa cewa yake abin ya fi ƙarfinsa. Shi ya sa na fito fili.

Na farko, ga yadda layin yake. Yayana Habu, ɗan farin Innarmu, shi ya saya mata waya, ya yi rajistar layin da sunansa. Fataucin rinannen yadi yake yi daga Ƙofar Mata zuwa ƙasar Barno. Da hanyar gabas ta lalace, ya tafi wata tafiya, har yau shiru. Ba mu ga gawa ba, ba mu ji labari ba. Lamba ɗaya ya haddace a duniya, ita ce ta Inna. Wayar nan ko alwala za ta yi, tana kan tabarma kusa da ita.

Na biyu, tsohuwar na'urarku. Baƙin allo ne da koren rubutu, mai nawa kamar tsohuwa a hawan bene, kuma wallahi har da ni a masu yi mata tsiya. Amma tana da wani ɗan gurbi da ma'aikaci yake rubuta bayani. Malam Isuhu, wanda yake zaune a gabanta, ya rubuta cewa uwar mai layi ce take riƙe da shi, kuma ɗan farinta ne. Duk sanda layin ya sami matsala, Inna ta je ta ce layin yaron nan ne, sai ya duba, ya gyara, ya tambaye ta yaya ciwon ƙafa. Kaico, sai da aka ɗauke na'urar na san darajarta.

Na uku, sabon tsarin da kuka sayo. An ce mana wani kamfani ne ya kawo shi, ya kwashe bayanan mutane ya zuba a ciki, ya bar wancan gurbin a baya wai ba shi da amfani. Malam Isuhu kuma an mai da shi wani sashe. Da aka ce kowa ya zo ya sabunta rajista, sai aka ce tunda hoton Inna da yatsanta aka taɓa ɗauka a matsayin mai riƙo, ita ce da bakinta za ta faɗa wa na'ura cikakken sunan mai layi, a naɗa. Na ce ni zan faɗa, aka ce tsari bai san ni ba.

Ranka ya daɗe, kai ma ɗan Hausa ne, ka san uwa ba ta kama sunan ɗan fari. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba. Ko kiranta ya yi, ni take miƙo wa wayar, ta matso kusa tana saurare, ta ce in tambayi yaron nan ko ya ci abinci. Na yi wa ma'aikaciyarku wannan bayani. Baiwar Allah, ta gane sarai, har ta ce kakarta ma haka take, amma ta juyo mini da allon in gani: babu inda za ta danna. Ba na ganin laifinta.

Muka koma gida. Bayan kwanaki, wata safiya Inna ta ɗauko mayafi ta ce in raka ta. Muka wuce shingayen bincike, muka bi layi. Da aka zo kanta, ta sunkuyar da kai, ta faɗi sunan a hankali. Na'urarku ta amsa da cewa ba a ji ba, a maimaita. Inna ta miƙe, ta gyara mayafinta, ta fita. Ban iya ce mata ta dawo ba, kuma ba zan ce ba. Bayan nan saƙo ya shigo cewa rajista ba ta kammala ba, an rufe layin, za a sayar wa wani.

Ba fushi ne ya fi yawa a raina ba, takaici ne. Da masu kawo tsarin sun zauna da Malam Isuhu ko na shan shayi ɗaya, da sun san abin da suka zubar.

Ga roƙona. Ku buɗe layin nan, ku karɓi shaidata ko ta mai unguwarmu a madadin muryarta. Ku sa masu tsarin su dawo da gurbin bayani, don Inna ba ita kaɗai ce mai ɗan fari a cikin ganuwar nan ba. In kuwa har kun riga kun sayar, to ku taimaka ku gaya wa wanda ya saya: in wani mutum ya kira ya yi sallama ya ce a ba shi Hadiza, kada ya ce masa ya yi kuskuren lamba. Ya ce masa muna nan Mandawari, gidan bai tashi ba.

Allah ya yi maka jagora, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya dawo da na nesa gida. Inna ba ta san na rubuto ba. Har yanzu kullum tana ba ni wayar in kai mata caji.

Wassalam.

Hadiza, Mandawari, cikin birnin Kano.