Muryar da Ke Kan Rufi

Indiana, 9 ga Satumba

Zuwa ga Yayata Lorna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, kuma guiwar Maigidanki ta yi sauƙi. Mu nan jikinmu kalau.

Yaya, na yi wa ɗana ƙarya, kuma na yi ta a inda bai taɓa zaton ƙarya za ta fito ba.

Kin san aikina. Tun rasuwar mijina Orrin ni ce ke hawa rufin rumfar 'yan kallo ranar tseren motoci, da madubin hangen nesa da oba-oba, ina faɗa wa Tobin abin da ba ya iya gani daga cikin mota. In na ce fili ne, ya kutsa. In na ce akwai mota, ya dakata. Shekara tara ke nan bai taɓa neman hujja ba.

Ranar Asabar mutane biyu suka zo daga wani kamfanin Turai don su ga tuƙinsa, domin suna neman direba a gasar duniya. Saura zagaye uku, yana na biyu, ya sami hanyar wucewa ta dama a kwana ta ƙarshe. Fili ne, Yaya. Motar da ke binsa tana baya da tsawon mota biyu. Na danna maɓalli na ce, "Akwai mota a damarka." Ya sassauta totur, ya ƙare na huɗu. Kyamarar talbijin tana kan wata mota da ke hayaƙi, don haka babu shaida sai ni da Ubangiji.

Na so in ce tsoro ne ya sa ni. Na bincika zuciyata ban sami tsoron ba, gama bangon filinmu ne ya kashe ubansa, ba na Turai ba. Abin da na samu shi ne, a can ba a sa kowa a kan rufi, ba zai buƙace ni ba.

Duk da haka sun ba shi gurbin, suna jiran amsa ranar Juma'a ta sama. Gareji ya rabu biyu. Delmar, tsohon makanikin Orrin, yana ta tsokanarsa cewa a nan, da yake filinmu zagayayye ne, hagu kaɗai muka iya juyawa, in ya je can sai an sa shi makarantar koyon dama, kuma zai dawo a rame don ba su san gasasshiyar masara ba. Wasu suna cewa a nan shi babba ne, a can mota marar ƙarfi za a ba shi ya riƙa share wa wasu hanya. Tobin ba ya dariya. Jiya wajen karin kumallo ya ce mini shi a madubinsa fili ya gani. "Mama, in idona bai ga mota sukutum a gefena ba, me zan je yi inda babu ke?" Ya ce zai ƙi.

Na ci gaba da shafa man shanu a burodi. Ban ji komai a raina ba, har yanzu ma ban ji ba, kamar hannun da aka kwanta a kansa.

Ranar Lahadi a coci aka miƙo Jibin Ubangiji, na bar shi ya wuce. A kujerar nan na ɗauki alwashi cewa zan gaya wa Tobin gaskiya kafin ya ba su amsa. Na rubuto miki ne don a sami mutum ɗaya da zai tambaye ni.

Ki gai da Maigida da jikoki.

Ƙanwarki,
Marlys

Indiana, 28 ga Satumba

Zuwa ga Yayata Lorna,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso, tare da zumar da kika aiko. Na gode da ba ki tausasa mini ba.

Litinin ta wuce, Talata ta wuce. Na wanke kayan tserensa, na goge, na yi masa kek ɗin da yake so, ina gaya wa kaina cewa ina jiran lokacin da ya dace. Ranar Alhamis da hantsi na same shi a gareji yana auna iskar taya. Na tsaya a bakin ƙofa na faɗa masa, ban ƙara ba ban rage ba.

Bai ɗago ba. Ya tambaya, "Tsawon mota nawa?" Na ce biyu. Ya gyaɗa kai ya ce, "Ashe idona lafiya." Ya koma taya ta gaba.

Da ya yi ihu da ya fi mini. Ranar Juma'a ya sa hannu. Zai tashi a watan Janairu. Ko zai yi nasara a can, ko zai dawo bayan shekara biyu babu kujerar tuƙi a ko'ina, ban sani ba, kuma ba a tambayi ra'ayina ba.

Asabar da ta wuce aka yi tseren ƙarshe na bana. Da safe ya ɗauki oba-obata daga kan ƙusa ya miƙa wa Delmar. Tsohon ya ce shi da matakala ba sa shiri, kuma muryarsa ta jaki ce, za ta fasa wa yaro kunne. Ya dube ni, ya ga fuskata, ya karɓa.

Na zauna cikin 'yan kallo, karo na farko a shekara tara. Daga can ƙasa ba a ganin komai sai launi yana wucewa. Wata mata a gefena ta tambaye ni ko ina da wanda nake goyon baya. Na ce mai lamba goma sha bakwai. Ya zo na ɗaya.

Har yanzu yana zuwa cin abinci ranar Lahadi, yana cewa na gode, Mama. Jibin kuwa ban koma karɓa ba tukuna.

Kin tambaye ni ko na cika alwashin. Na cika shi.

Taki har kullum,
Marlys