Yashin Kabarin Mama

Mildura, Ostireliya

Yaya Losaline,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Baba da yara? Yaya ƙarin haƙurinmu? Ni lafiya lau, inabi ya nuna, aiki sai godiya. Har yau da tabarmar makoki ta al'adarmu ɗaure a ƙuguna nake tsinkar inabin, ko da yake tana ci mini fata.

Akwai wani ɗalibi, Callum, da muke aiki layi ɗaya. Wai duniyar nan kaf wasan kwamfuta ce, wani ya tsara ta yana kallo. Na ce, "Kai dai rana ta dafa maka kai." Ya yi dariya ya ce, "To ɗan coci, ba abin da fastonku ke faɗa ke nan ba?" Na ce, "Naka kallo kawai yake yi. Nawa ya san sunan uwata."

Na ci gardamar, Yaya, amma maganar ta biyo ni ɗaki. A waya na kalli jana'izar Mama. Ana cikin sauke akwatin hoton ya tsaya cak, kafin ya dawo kun rufe kabarin. Wani lokaci ina tsakiyar addu'a sai in ji kamar ba a yi ba, kamar tana can gida ƙasarmu Tonga tana kankare kwakwa.

Kada ki gaya wa Baba wannan; imanina yana nan. Alfarma ɗaya nake roƙo. Ran Lahadi bayan coci, ki tura hannunki cikin yashin kabarinta, ki rubuto mini ko yana da zafi ko sanyi. Hannunki zan yarda da shi.

Ubangiji ya tsare ku.

Ƙaninki,
Semisi