Ba Motar Tsere Ba Ce, Muryarta Ce Haka

Daga: Uwargida Darlene Kowalczyk,
Lamba 14, Titin Alder, Harlan Creek, Michigan.

Zuwa ga: Mai girma Russell Vandermolen,
Shugaban Kwamitin Jerin Gwanon Tsofaffin Motoci, Harlan Creek.

Talata, 6 ga Agusta, 2024.

Game da: Cire motata, Pontiac GTO ƙirar 1967, daga jerin gwanon ranar 17 ga Agusta.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kukana kamar haka:

1. Ranar Asabar, 3 ga Agusta, mai duba motoci na kwamitinka, Mista Curtis Ledbetter, ya saurari injina yana silo, wato yana aiki mota na tsaye, ya rubuta cewa motar tsere ce, ba ta dace da titi ba. Bai buɗe bonet ba, bai taka birki ba.

2. Abin da ya ji sabon kamshaf ne, wato sandar cikin inji da ke buɗe bawul tana rufewa. Wata biyar na yi ina zaɓe tsakanin guda uku. Ƙaramin ya yi mini sanyi, sai ka ce keken ɗinki. Babban kuwa, ranka ya daɗe, har mafarkinsa na yi! Amma yana rage wa inji zuƙar iskar da birki ke aiki da ita, mota ta riƙa mutuwa a kowace danja. Ni da nake zuwa kasuwa da coci a cikinta, sai na danne zuciyata na ɗauki matsakaicin. Na ɗaura shi da hannuna ranar 20 ga Yuli. Da na murɗa makulli ta kama, tana dukan uku-uku kamar doki ya ƙosa a sake shi, sai da na zagaya gareji da rawa, ina da shekara sittin da uku, maƙwabta suna kallo. Na ambaci wannan ne don cikar bayani kawai.

3. Ba zan ɓoye ba, da aka kira ta motar tsere na yi kwana biyu bakina bai rufu ba. Duk da haka kuskure ne. Ina kuma sanar da kwamiti cewa Mista Ledbetter ya sa na tayar da ita har sau uku, yana ɗauka a waya yana washe baki, kafin ya sa hannu a takardar kora.

4. Mahaifina, Mista Stanley Kowalczyk, shi ya saye ta sabuwa dal. Shekararsa casa'in da ɗaya. Gidan kula da tsofaffi da yake zaune sun ba shi izinin fita na rana ɗaya tak, ranar jerin gwanon, don ya shiga motar, har ya sa an goge masa rigarsa.

Saboda haka ina roƙo da a sake duba motar kafin ranar 15, a auna zuƙar iskar, a gwada birkin, a mayar mini da gurbina. Idan Mai girma zai zo da kansa, kujerar gaba tasa ce. Sai dai ya bar hularsa a ofis, domin motar ba ta da rufi, ni kuma ba na tsayawa tsintar hula.

Huta lafiya. Taka mai biyayya,

Darlene Kowalczyk