Baƙin Keken Baba

Kurna, Kano
3 ga Rajab

Zuwa ga ƙanwata Zakiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da 'yarki Lina da duk wanda ya rage a Nuzla mai tunawa da ni. Mu nan alhamdu lillahi, sai kunnen nan da ya ƙara nauyi. Don Allah a daina wahalar da ni da waya, ina ta na'am na'am ban ji komai ba. Ki riƙa rubutawa a takarda da ajamin da Baba ya koya mana, Lina ta ɗauki hoto ta turo, ni ma haka zan yi.

Magana ɗaya ce ta sa ni rubutu. Maƙwabcina Na'ibi zai zo umara cikin Sha'aban, kuma ya yarda ya taho mini da kaya. Baƙin keken Baba nake so. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa, ban nemi ko allura cikin kayansa ba, ke shaida ce. Tun da iƙama, takardar izinin zama, ta gagare ni na baro Jidda, shekara ashirin da bakwai, ban sake ganin fuskarsa ba, ban kuma ɗauki makararsa ba. Keken nan da ya yi shekara arba'in yana kai burodi kantunan unguwar Balad a kansa, shi nake so in rataye a zaurena in riƙa kallo. Ke ba abin da yake yi miki sai tare wuri a ƙarƙashin bene.

Ki sa a kwance ƙafafunsa a ɗaure shi a kwali kafin Na'ibi ya iso. Allah ya yi muku albarka.

Yayanki,
Usuman

Nuzla, Jidda
6 ga Rajab

Yaya Usuman,

Wa alaikumus salam. Na ga takardarka, na yi murna, na kuma yi dariya. Ashe har yanzu rubutunka hawa sama yake yi kamar zai fita daga takarda! Sannu da kunne, Allah ya sawwaƙe. Amma kai ma da laifinka, shekara nawa kana zaune jikin injin niƙa ba ka toshe shi?

Muna lafiya. Lina ta sami ƙarin girma a wurin aikinta na unguwar Bagdadiyya, yanzu ita ke tuƙa mu ko'ina, kuma ba ta jin Hausa sai in faɗa nake mata. Sanyi ya shigo, irin na Jidda dai, wanda kai yanzu za ka kira shi zafi. Ɗinki yana tafiya. Wancan makon na yi miyar kuka har maƙwabta Yamalawa suka aiko da kwano.

Maganar keke kuwa, to, Yaya, anya? Ka san danshin garin nan, ƙarfe ba ya kwana lafiya. Kuma nauyinsa fa, ya Rabbi, bawan Allah ya zo ibada a ɗora masa wannan jidali? Ga rawanin Baba, ga carbinsa, ga allon da ya koya mana karatu da shi, duk na adana. Waɗannan ba su fi sauƙin ɗauka ba? Ka yi tunani dai, ba sauri.

Ka gaishe mini da Yaya Rahma da yara.

Ƙanwarka,
Zakiya

Kurna, Kano
10 ga Rajab

Zakiya,

Sallama da gaisuwa. Kunnena ne ya yi nauyi, idona garau yake.

Jiya aka nuna mini wani hoto da Lina ta sa a waya. Bakin teku ne da safe, mata wajen goma sha biyar kowace da kekenta da hular kwano. Daga gefe ga wani baƙin keke yana sheƙi, da sababbin tayoyi, da mariƙin burodi a baya wanda ni na ɗaure shi da waya da hannuna. Matar da ke riƙe da shi ta juya baya, amma tsayuwar nan ta dogare ƙugu da hannu ɗaya, tun kina goye na san ta.

Wannan shi ne ƙarfen da ba ya kwana lafiya? Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye miki ba. Ba keken ne ya fi ci mini rai ba, kewaye-kewayen da kika yi mini ne. Shekararki hamsin da huɗu, Zakiya. In kika faɗi kika karye, wa zai riƙe gidan? Ki gaya mini gaskiya, ina saurare.

Yayanki,
Usuman

Nuzla, Jidda
13 ga Rajab

Yayana,

Assalamu alaikum. Ka kama ni, halas, magana ta ƙare. Ka yi haƙuri, wallahi kunya ce ta hana ni faɗa, ba raini ba.

Bara likita ya ce sukarina ya hau, in ban motsa jiki ba allura za a koma yi mini. Na gwada tafiyar ƙafa, gwiwa ta ƙi. Lina tana cikin wata ƙungiyar mata masu hawan keke a kornish, wato titin bakin teku, ta yi ta nacin in bi ta. Ta aro mini wani ɗan siririn keke mai giya ashirin, na hau na ji kamar na zauna a kan tsintsiya. Na ce a'a, in dai zan hau, wanda na sani zan hau. Muka ciro na Baba, aka sa masa taya da sarƙa da birki.

Ka tuna wanda ya koya mini? Kai ne. Ina shekara tara, Baba yana ƙailula, ka sace keken ka kai ni lungun bayan masallaci, kana riƙe da sirdi kana cewa kalli gaba, kar ki kalli ƙafa. Ranar da na afka cikin duron ruwan mutane na lanƙwasa wa keken hannu, kai ka ce kai ne, kai ka sha bulala. Daga nan ban sake hawa ba, a lokacin wa ya isa ya ga 'ya mace a kan keke a Nuzla? Shekara arba'in da biyar, Yaya, amma ina ɗora ƙafa sai jiki ya tuna. Na ji muryarka a bayana sarai. Na yi kuka, 'yan mata suka zaci tsoro ne.

Yanzu duk Juma'a da Asabar muna idar da asuba Lina za ta ce yalla Mama, mu ɗora kekuna a mota. In mun miƙa arewa teku yana hagunmu, iska mai gishiri tana dukan fuska, masunta suna jefa ƙugiya, kyanwoyi sun zagaye su suna jiran rabo. Yaran nan suna wuce ni fiu, ni kuwa ina tafe a hankali irin tafiyar Baba in ya ɗauko burodi. Sun raɗa wa keken suna Jiddo, wai kakansu ne. Mu kai masallacin nan na kan ruwa mu juyo, mu zauna mu ci ful da tamis, wato wake da burodi mai zafi. Sukari ya sauka, ina barci kamar jaririya. Rabon da in ji daɗi irin wannan har na manta.

Faɗuwa kam na faɗi sau ɗaya. Sarƙa ta cafke bakin abayata, sai ga ni zaune a ƙasa, hular kwano ta rufe mini ido. Ban ji ciwo ba sai dariyar da na sha. Da na buɗe 'yar jakar ƙarƙashin sirdi neman tsumma, me zan gani? Maƙalin shanyar nan na katako da Baba ke tattare bakin rigarsa da shi. Da shi nake kama abayata har yau.

Abu ɗaya muke rigima a kai da Maha, shugabar ƙungiyar. Dokarsu kowane keke sai da ƙararrawa, ni kuwa na ƙi sawa, ihu nake yi a ba ni hanya kamar yadda Baba ya koma yi. Kai ba ka san wannan ba. Ƙararrawar nan da yake kaɗawa sau biyu a bakin lungu mu fito da gudu, a makon da ka tafi ta ɓata. Mahaifiyarmu ta ce yaran unguwa ne, za ta bi gida gida. Baba ya ce ba yaran unguwa ba ne, a bar maganar, wanda ya cire ta yana son abin da zai riƙa jin gida da shi. Har ya daina hawa bai sa wata ba, ya ce mazauninta yana nan sai ta dawo. Ban tambaye shi ba, kai ma ba tambayarka nake yi ba.

To ka ji gaskiyar. Ni na samu Baba har ƙarshe, ni na ba shi ruwa, kai ba ka samu ba. Ka fi ni cancantar keken nan, kuma ba zan hana ka ba. Zan hau shi Juma'ar nan da ta sama, sannan a kwance shi a sa a kwali. Zai yi mini ciwo, ba zan yi maka ƙarya karo na biyu ba, amma zan saba da tsintsiyar Lina.

Ka yafe mini. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Zakiya

Kurna, Kano
2 ga Sha'aban, ta hannun Na'ibi

Zakiya,

Assalamu alaikum. Na daɗe ban amsa ba, na kasa ne. Takardarki na karanta ta ya fi sau goma.

Kada a kwance keken. Ki aiko da rawanin da allon, sun ishe ni.

Ki buɗe ƙullin da ke cikin ambulan ɗin nan. Shekara ashirin da bakwai tana ƙarƙashin matashina, ina zaton ba wanda ya sani. Na goge ta, na ɗiga mata mai. Rahma ta ce har yanzu tana da murya, ni dai ko na kaɗa ta a jikin kunnena ba na ji.

Ki mayar da ita mazauninta. In kin dawo daga bakin teku, ki kaɗa sau biyu a bakin lungu.

Kalli gaba, kar ki kalli ƙafa.

Yayanki,
Usuman