Gwiwar Baba Tela

Zuwa ga Likita,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da iyali da marasa lafiyarki. Ki gafarce ni da na yi ƙarfin halin rubuto miki, alhali ko ido ban taɓa iya haɗawa da ke ba. Ni ce ɗiyar telan nan da ya faɗo daga tsani, wadda ke raɓewa a bayan labule da kayan makaranta.

Ranar da abin ya faru, gwiwar Baba ta juya gefe. Kawuna direba ya kama ƙafar ya ja ta koma, ya ce targaɗe ne, shi da yake gyara mota ba zai kasa gyara yayansa ba. A asibiti hoto ya nuna babu karaya. Har Umma ta naɗe tabarma za mu tafi, sai kika shigo.

Ba hoton kika fara dubawa ba. Kin cire masa safa, kika ɗora yatsu biyu a bayan ƙafarsa, kina neman bugun jini. Sai da kika same shi kika yi ajiyar zuciya. Daga nan kika riƙe ƙwaurinsa kika jawo gaba, kika tura baya. Wallahi na ga ƙashin yana zamewa kamar aljihun tebur! Kika ce manyan jijiyoyi huɗu ke riƙe gwiwa, uku sun tsinke, kuma hoton ƙashi ba ya nuna su. Da mun tafi gida, da ƙafar ba ta sake taka keken ɗinki ba, shi ne kuwa abincinmu.

Har yau ina mamaki. Hannu kawai, ya ga abin da ke ƙarƙashin fata!

Bayan tiyatar da kika yi masa, da kika gaya wa Baba cewa kin ɗebo jijiya daga cinyarsa, kin huda ƙashi kin zura ta, ya ce ashe ke ma tela ce, sai dai yadinki ya fi nasa tsada. Kawu kuwa tun daga ranar bai sake cewa uffan a kan gwiwar kowa ba.

Wata tara ni ke ƙirga masa motsa ƙafa, yana gumi, yana kirana azzaluma. Jiya da safe ya ajiye sanda, ya zauna gaban keken. Ya taka, ƙafar ta kasa, ta tsaya. Ya sake takawa, keken ya ɗauka. Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu, tana kuka tana dariya.

Ina da tambayoyi cike da littafi, ban san wa zan yi wa ba. In ba zan takura miki ba, ko za ki yarda in sake rubuto miki?

Ki huta lafiya.

Taki cikin ladabi,
Ɗiyar tela