Goyon Inna zuwa Argungu

Laraba da dare, Gwadangaji

Yau na fara doguwar tafiya da mashin. Inna na goya zuwa Argungu, ta duba ƙanwarta marar lafiya. Don tsoro na damƙe kan mashin har kafaɗuna suka sandare, kowane rami sai mun yi tangal-tangal. Muna wuce Ambursa ta ce in tsaya.

Ta ce, "Saki jikinka, ɗan nan. Sad da nika goyonka, in na sandare bayana, kuka kaka yi. Goyo ba shi son tsoro."

Na sassauta hannu, mashin ya daidaita, har ta jingina kanta a bayana.

Sai da na kwanta na tuna ko nauyinta ban ji ba. Yaushe Inna ta rame haka?